Turmin Gwaggo Mai Ɗaci

Kafin unguwa ta laƙaba mata Gwaggo Mai Ɗaci, matar malamin makaranta ce kawai, mai tsabta, mai ƙarancin magana. Da malam ya rasu, ya bar mata agogon bango, da keke, da gwangwanin irin jan wake da yake shukawa a bayan gida tun suna ango da amarya. Babu mai irin waken nan sai shi.

Daminar farko da ta yi shuka ita kaɗai, ta juye irin duka a ƙasa, ko ƙwaya ba ta rage ba. Wake na fara fure, ƙwari suka sauka masa. Maganin kanti kuwa ƙirjinta ba ya ɗauka, ko warinsa ta ji sai tari ya sarƙe ta. In waken ya mutu, irin malam ya ƙare ke nan.

Ta tsinto 'ya'yan darbejiya, ta shanya, ta daka, ta jiƙa suka kwana. Ta tace da tsohuwar singiletin marigayi, ta goga ɗan sabulu don ruwan ya kama ganye. Sai dai a turmin girki ta yi dakan.

Washegari ɗanta ya kai loma baki, ya yamutsa fuska don ɗaci.

"Inna, laifin me muka yi miki?"

Surukarta ta sunkuyar da kai. "Inna, har da toka na wanke turmin nan."

"Madalla," in ji Gwaggo. "Ku masu hankali ma kun kasa haɗiyewa, balle tsutsa."

In rana ta yi sanyi, sai ta bi kunyoyi da bokiti da tsintsiya, tana ɗaga ganye tana yayyafawa ta ƙarƙashi, inda ƙwarin ke laɓewa. Ƙaninta direba yakan leƙo ta katanga.

"Yaya, wanka ake wa wake?"

"I. In na gama da shi, sai kai."

Ba duka ya tsira ba, na bakin katanga ya tafi. Amma da kaka ta cika gwangwanin malam har murfi ya ƙi zama.

Ɗan ya sayo wa matarsa sabon turmi, tsohon kuma Gwaggo ta shafa wa bakinsa jan fenti. Har ƙarfinta ya ƙare maƙwabta na zuwa aronsa don dakan darbejiya. Takan haɗa musu da ɗan ƙullin wake, ta ce, "Na malam ne. Kada a shuka duka, a bar wani a gwangwani."