Zanen da Aka Dafa Wa Baƙuwa

Taubashina ya karanta zane a jami'a, ni na karanta tattalin arziki, muka dawo Talata Mafara kusan lokaci guda, babu mai aiki a cikinmu. Ni ana yi mini uzuri, ana cewa lokaci ne bai yi ba. Shi ba a yi masa, don gidan kawuna gidan mahauta ne tun kaka da kakanni, shi kuwa tun yana ƙarami ba ya iya tsayawa inda ake yanka. Wansa, wanda ke riƙe da teburin gidan a kasuwa, ba ya kiran sa da komai sai mai tsoron jini. Ba zan ce ƙin sa yake yi ba, don ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na gani kawai zan faɗa.

A shekarun nan mutanen ƙauyukan Maradun suna ta kawo shanunsu kasuwa, gwamma su sayar da a kore su da bindiga. Taubashina yakan zauna da mai saniyar kafin a gama ciniki, ya tambaye shi inda take kiwo, da rijiyar da take sha, da hanyar da suka biyo. Bayan an yanka sai ya roƙi fatar, ya kafa ta da turaku a bayan gida, ya kankare, ya shanya. In ta bushe ya zana garin da saniyar ta fito a cikinta: burtali, rumbuna, bishiyar da ake zama ƙarƙashinta, ƙofofin da aka bari a buɗe. Ba ya sa mutum ko dabba, ina jin don kada kawu ya sami abin cewa. Akwai ta wani bijimi daga Faru, wadda ya zana wa hanyar ƙafa tun daga wuya har gindin wutsiya. Ita na fi so, ko da yake ban san zane ba, ba kuma zan iya cewa ita ta fi kyau ba.

Ba ya taɓa fentin kanti. Jar ƙasa yake sa a kawo masa daga Maradun, baƙar laka daga fadamar Bakura, sai gawayi da makuba, ya dama su da ƙaro. Wannan shi ne abin alfaharinsa. Ni nake taya shi rubuta bayani da Turanci muna tura hotuna, har wata mata mai gidan baje kolin zane-zane a Abuja ta amsa, ta ce tana son ta ga fatun da idonta.

Kawu ba mai yawan magana ba ne. Da aka gaya masa, ya ce in baƙuwar ta ɗauki kayan, to sana'a ce, ya sakar masa mara. In ba ta ɗauka ba, ya bi wansa mahauta kamar kowane ɗa na gidan. Taubashina ya amince da murna.

Ana gobe za mu tafi Gusau mu tarye ta, wan ya shigo shagon da fatun suke jingine. Ban taɓa ganin ya taka wurin ba. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya shafa ta Faru da bayan hannu.

Ya ce, "Ƙanena, wanga jan, fenti na?"

Taubashina ya ce, "A'a Yaya, ƙasa ce. Ko jariri ya lasa babu abin da zai same shi."

"Baƙin fa? Ba ka sa mai ko wani magani ba?"

"Laka ce da gawayi. Ƙaro ne ya riƙe su. Shi ya sa nake tsoron damina, ruwa na taɓa su za su wanke."

"Ikon Allah. Tas za su hita?"

"Tas, Yaya."

Taubashina ya daɗe yana yi masa bayani cikin jin daɗi. Da wan ya fita, taubashina ya kama hannuna ya ce, "Ka gani? Yau Yaya ya tambaye ni aikina." Ni ma na ji daɗi, ko da yake na lura wan ya ɗaga fatar yana jin nauyinta, yadda suke yi a kasuwa. Na ɗauka hannun mahauci ne kawai, ya saba.

Jirgin baƙuwar ya yi jinkiri, direba kuma ya ƙi bin hanya da yamma, muka yi kwana biyu a Gusau. Da muka iso gida da hantsi, mun tarar an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Wan ya tarye mu cikin babbar riga, ya yi wa baƙuwar doguwar gaisuwa, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen Abuja. Taubashina ya nufi shago, wan ya tare shi.

"Haba, mai tsoron jini. Baƙuwa ta taho da nisa, ba ka bari ta ci abinci? Mu gidanmu ba a haka."

Aka kawo waina da farfesun ganda, wato fatar saniya da aka babbake aka dafa har ta yi laushi. Matar ta ci, ta yaba, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinta ba. Wan ya ƙara mata. Ya tura wa ƙanensa kwano, ya ce ya ci, ai guminsa ne. Taubashina ya ci kaɗan don kunya, idonsa na kan ƙofar shago.

Da muka buɗe, babu komai a ciki sai buhun jar ƙasa da ƙwaryar ƙaro. Har turakun an kwashe.

Wan yana tsaye a bayanmu yana sakace. Ya ce, "Hajiya, hwatun kika zo nema ko? Ai kin ci guda. Ta Faru ce, don ita ta hi kauri. Sauran hwatun kuwa, masu motar kudu sunka ɗauka jiya. Na tambaye shi gaban wanga ɗan boko, ya ce babu guba ciki. Gaskiya ya faɗi, jiƙo guda sunka wanke."

Yaran mahauta da suka taru a ƙofa suka fashe da dariya. Wani ya ce a tambayi Hajiya ko ta ji ɗanɗanon rumbu. Taubashina ya shiga shagon. Ya zauna a kan buhun ƙasar, ya sa yatsa a baki kamar mai neman wani abu a haƙori.

Na yi zaton matar za ta yi faɗa. Da farko ta rufe baki da gyale, ta fita waje. Da ta dawo wayarta na hannunta. Ta ɗauki hoton shagon, ta ɗauki kwanon da sauran romo, sannan ta ce wa taubashina da Turanci ya zauna yadda yake, kada ya motsa, hasken ya yi kyau. Ta ce labarin nan da kansa aiki ne, mutane za su so shi sosai. Wataƙila da kyakkyawar niyya ta faɗa, ban sani ba. Ya nuna mata hotunan fatun a waya, ta ce ai ta riga ta gan su, hoto ba ya rataya a bango. In ya yi wasu, ya neme ta. Ba ta kai la'asar ba ta kama hanya.

Bayan sallar la'asar na sami kawu a ƙofar gida. Na gaishe shi, na ce ina ganin, in ba a ga rashin kunyata ba, kamar sharaɗin bai cika yadda aka yi shi ba, tunda ba a bar baƙuwar ta ga kayan ba, kuma mai yiwuwa da ta gani da ta ɗauka. Ya bari na gama kewaye-kewayena.

Ya ce, "Ta ɗauka?"

Na ce, "Ba ta ɗauka ba, Kawu, amma..."

"To." Ya ci gaba da jan carbi.

Wan da ke gefe ya ce, "Taubashi, kai da ka karanci arziki, mi ka tara? Ko kai ma in nemo maka wuƙa?" Na yi dariya, don wasan taubasai ne, ba a fushi da shi.

Ba su ba shi yanka ba, sun san ba zai iya ba. Babbaka suka ba shi. Ranar Talata, in kasuwa ta ci, yana can bayan mahauta gaban wuta, yana juya fatu da dogon ƙarfe har gashin ya ƙone, ya kankare, ya jefa a randa. An ce ya iya ƙwarai, don babu wanda ya san fata kamarsa. Na taɓa tambayarsa ko zai sake zane, ko a kan takarda ne, na ce zan iya sake rubuta wa matar. Ya ce hayaƙi ya ɓata masa ido, in matsa kada rigata ta yi wari.

Buhun jar ƙasar ya daɗe a shago. Da damina ta kawo jiki, matar wan ta jiƙa ta, ta yaɓe murhunta da ita.