Motar da Ta Fi Lungunmu Faɗi

Ni baduku ne, ɗan baduku. Gafaka da jaka da kube na tashi ina ɗinkawa a rumfar mahaifina a kasuwar Kurmi, kuma har na yi aure ban taɓa zaton aikina zai haɗa ni da mota ba. Yanzu da nake zuwa ajin manya da yamma, hannuna ya fara sabawa da biro, abin da ya fara zo mini in rubuta shi ne labarin motar maƙwabcina.

A waɗancan shekarun, bayan Babbar Sallah, akwai wani fili a bayan ganuwa inda makanikai da masu fenti ke kai motocin da suka ƙawata. Ba wanda ya shirya abin, ba alƙali, ba kyauta. Bayan la'asar kowa zai kawo tasa ya ajiye, ya buɗe ƙofofinta, ya koma gefe kamar ba ruwansa. Akwai wadda aka manna wa madubai har a rufi, akwai wadda hon ɗinta ke cara kamar zakara. Motar da jama'a suka fi yi wa zobe ita ta ci, kuma sai a shekara ana zancenta a teburin mai shayi.

Maƙwabcin nawa bakanike ne, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Ya sayi gawar wata Bosuwaja, irin wadda muke kira kunkuru, ba inji, ba ƙofa, ba madigadi. Aka turo ta ta lungunmu aka shigar da ita wani kango a bayan gidansa. A ɓoye ake irin wannan aiki, don in abokan gasa suka leƙa, sai ka tarar da dabararka a jikin motar wani. Sallah ta zo ta wuce bai gama ba, wata ta sake zuwa ta wuce. Mutane suka sa mata suna motar tatsuniya. Wata rana aka matsa masa da tsiya a wurin mai shayi, sai ya ajiye kofi ya ce, a gaban kowa, in ba ta fito bana ba, ya daina taɓa sifana har abada. Mun san shi, in ya faɗa zai aikata, kuma ba shi da wata sana'ar.

Shi ya zo ya same ni ya ce yana son kujeru na jar fatar akuya, da zayyana irin ta gafaka. Mahaifina ya yi ta mita, wai fata mai daraja za a shimfiɗa wa direbobi su zauna. Amma shi da kansa ya zaɓo mini mafi laushi a cikin fatun da ya ɓoye.

Na ukunmu wani Bafillace ne, dogo siriri, gwanin bugun jikin mota da walda. Shi aka ba aikin madigadi, manya masu faɗi da za su rufe faffaɗar taya, motar ta fito kamar ta buɗe kafaɗu.

Mu mutanen Kurmi da kamu muke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Lungunmu yana da wani wuri matsattse, masallacin unguwa a dama, katangar gidan Malam, limaminmu, a hagu. Bakanike ya je ya auna wurin da hannunsa, ya dawo ya ce wa dogo kada faɗin motar ya wuce kamu kaza. Dogo ya ce to, ya auna da nasa hannun, ya yanka ƙarfe, ya yi walda, aka feshe ta da koren fenti.

Ranar fita, da hantsi, muka turo ta. Yara da manya suka cika lungu, mata suna leƙe ta saman katanga. Tana sheƙi, jar fatar tana ɗaukar ido ta gilashi. Muna isa matsin sai ta tsaya. Hanci ya shiga, kafaɗu suka ƙi. Aka ja baya aka karkata, aka sake gwadawa, abu ya faskara.

"Nawa na ce maka?" in ji bakanike.

"Abin da ka ce shi na yi," in ji dogo. "Zo ka gani."

Ya ɗora hannunsa a kan motar zai nuna, bakanike ya ɗora nasa a gefe. Nan kowa ya ga abin da ya faru. Yatsun gajere iyakarsu tsintsiyar hannun dogo. Wani mai tireda ya fara dariya, lungu duka ya ɗauka.

"Ashe dai tatsuniyar ce," in ji wani daga baya. "An zo ƙarshenta a lungu."

Bakanike ya shiga gida ya fito da zarto, ya durƙusa a gefen madigadin da aka yi watanni ana bugawa. In ya yanke, motar za ta wuce, amma ba wanda zai kai guntulalliyar mota fili.

Sai ga Malam ya fito daga zaurensa. Dattijo ne Babarbare, kakanninsa suka zo daga Barno, shi ke limancin masallacin, kuma ni nake ɗinka wa ɗalibansa gafaka. Ya dubi motar, ya dubi katangarsa, ya tambayi wa ya yi awo. Aka nuna dogo.

"Bafillace kuka ba awo?" in ji Malam. "Mutumin da bai san faɗin komai ba sai na saniya?"

Dogo ya russuna yana murmushi. "Allah gafarta Malam, lungun ne Barebari suka matse."

"Ji bawan nan. To, tunda bawana ne ya yi ɓarna, ubangidansa ne zai ɗauka." Ya juya wurin bakanike. "Ɗana, ajiye zarton nan. Masallaci ba ya taɓuwa. Katangata kuwa ƙasa ce, mahaifina ya kwaɓa ya ɗora, mu ma za mu iya kwaɓawa."

Bakanike ya ce ba zai iya sa a rushe katangar malaminsa saboda mota ba. Malam ya ce ba shawara ya nema ba. Daga cikin gida Hajiya, matarsa, ta ɗaga murya ta ce a dai bari ta ɗaure awakinta tukuna, kuma a kawo tabarmi a kare mata tsakar gida, don ba ita za a kai kallo ba.

Aka kawo diga da shebur. Har wanda ya yi maganar tatsuniya ya tuɓe riga ya kama. Kafin azahar mun sauke abin da ya tare hanya, muka kafa tabarmi, mota ta wuce ba ko ƙwarzane. Bakanike ya tayar da ita a bakin titi, ƙararta ta cika unguwa.

Malam ya ce tunda katangarsa ta tafi, shi ma zai je ya ga abin da aka rushe ta dominsa. Bayan ya ba da sallar la'asar ya shiga gaba. Ya shafa kujera, ya sunsuna, ya waiwayo ya ce mini, "Ɗinkinka ne wannan. Ko a duhu na san shi." Har yau in na tuna sai in ji daɗi.

A fili, gaskiya, mai madubai ta ɗan fi mu jama'a. Amma ba wanda ya taɓa ganin liman da rawani a cikin koren kunkuru, kuma mutane suka yi ta zura kai suna taɓa fata suna tambayar wa ya ɗinka. Daga ranar na fara samun aikin kujerun mota, da shi na riƙe iyalina. Bakanike ya ci gaba da riƙe sifanarsa har tsufa ya karɓe ta. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Malam.

Washegari muka taru gayya, muka kwaɓa ƙasa za mu mayar da katanga inda take. Malam ya ce a'a, a ja ta ciki kamu ɗaya, a bar wa hanya. Bakanike ya matso yana naɗe hannun riga zai auna, Malam ya tare shi da sanda.

"Koma, ɗana. Wannan karon hannun bawana nake so."

Dogo ya durƙusa ya auna. Shi ya sa har yanzu mai adaidaita sahu yake shigowa ya sauke iyalina a ƙofar gida.