Dukan da Na Aika ta Waya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, wutar murhu ta koma garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta, tana tura mana dankali cikin toka da bakin itace. "Duk wanda ya yi gyangyaɗi, dankalinsa nawa ne." Da haka take buɗewa.

Akwai wadda ta fi zama mini a rai. Wai biri ne kullum yake kan tsamiya yana kallon wata maginiyar tukwane. Abin da yake hangowa kawai, tana buga ɗanyar tukunya da ɗan katako, tukunya tana ta yin kyau. Ya ce ashe duka ne sana'ar. Ya samo yumɓu ya yi ta jibga, komai ya rushe. A nan Iya takan tsaya ta dube mu. "Daga sama ba ya ganin ɗaya hannun. Yana cikin tukunyar, yana tare duk inda katako zai sauka." Mu dai dariyar biri muke yi.

Yanzu direba ne ni a ƙasar waje, a wani gida a Al Rayyan. Rannan a ɗakinmu aka yi ta gardama, wai akwai ƙasashen da doka ta hana uba ya mari ɗansa. Malam Sabo mai gadi ya ce, "To, gwamnatin ce ta haifa mini shi?" Kowa ya yi dariya. Ni na kasa.

Watannin baya matata ta kira daga Gusau ta ce ɗanmu Nura ya daina zuwa makaranta. Ban tambayi dalili ba. Na ce a ba ƙanena waya, na sa shi ya samo tsumagiya ya zane yaron, na ce kada ya kashe wayar. Ina tsaye bakin shagon katin waya na saurara har ƙarshe. Daga baya na ji ashe manyan yara ne suke tare Nura a hanya, suna ce masa ubansa ya gudu.

Ban san abin da ya kamata doka ta ce ba. Iya ma ta sha dukanmu, amma a cinyarta muke barci bayan nan. Ni dukana ya isa Gusau, ni ban isa ba. Fasfona yana hannun kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, hutu kuma sai ya ga dama.

Duk Juma'a ina kira. Uwarsa ta ce, "Nura, ga Babanka." Ina jin numfashinsa. Ya ce, "Ina wuni." Daga nan shiru, har katin ya ƙare.