Ranar da Mala Ya Tsaya Cak

In ka haɗu da Abdulrahim mai hoto a tashar mota ta Potiskum yau, ido ɗaya za ka ga yana kallonka, na hagu. Na daman ya tafi tun shekarar 2015. Ba ciwo ne ya ci shi ba, mutane ne.

Mai Ƙafa Uku ake ce masa, saboda ƙarfen nan mai ƙafa uku da yake ɗora kyamara a kai, wanda ba ya rabuwa da shi ko gaisuwar mutuwa za shi. Sauran masu hoto na bin biki da suna, shi kuwa mutumin naku sai yawon ƙauyuka. Yau yana Mamudo yana ɗaukar rumbu, gobe yana Danchuwa ya tsura wa tsohuwar rijiya ido kamar ya ga amarya. Da aka hana hawa babur ma bai zauna ba, ya koma bin motar 'yan kasuwa, a matse tsakanin buhun gero da akuya.

Yana da wata dabara da ya ƙwallafa rai a kanta, masu sana'ar na kiran ta HDR. Yakan ce idon ɗan Adam yana ganin rana da inuwa a lokaci guda, amma kyamara sai ta zaɓi ɗaya. In ta kama hasken waje, cikin ɗaki ya yi baƙi ƙirin. In ta kama cikin ɗaki, waje ya koma fari fat. Maganin abin shi ne a ɗauki wuri ɗaya sau uku a jere, mai duhu, da tsaka-tsaki, da mai haske, sannan a haɗa su a kwamfuta su zama hoto guda wanda ba abin da ya ɓuya a cikinsa. Sharaɗin dai kada a motsa. Duk wanda ya motsa tsakanin ɗauka ukun nan, sai ya fito dishi-dishi kamar fatalwa. Shi ya sa Abdulrahim ba ya ko taɓa kyamarar in za ta ɗauka. Sai ya saita ta, ya danna, ya ja da baya da sauri, ita kuma ta yi ta ƙara tit-tit-tit tana ƙirga daƙiƙa goma.

A wata kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Gadaka yake da amini, Mala maƙeri, wanda ya girme shi da kusan shekara goma. Maƙerar Mala ita ce mafarkin Abdulrahim: ciki duhu, ga jan garwashi, waje kuma rana fayau. Shekara shida yana zuwa duk bayan 'yan watanni, suna cin tuwo a kwano ɗaya, amma bai taɓa samun hoton da yake so ba, don Mala ba ya iya zama shiru. Ko ya sosa gemu, ko ya juya ya yi wa wani tsiya.

"Ya Mala, don Allah numfashi uku kawai ka tsaya min."

"Kai Abdu, maƙeri in ya tsaya ai ƙarfe ya huce. Sai dai ka ɗauki gawata."

A wancan lokaci ƙasar nan a tsorace take. Bama-bamai sun tashi a Potiskum, kusan kowane gida ya yi zaman makoki ko ya je na maƙwabci, har ta kai in mutum ya ajiye leda ya matsa, sai ka ga wuri ya watse. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abdulrahim ya san da haka sarai, a garin yake kwana yake tashi. Amma son sana'a ya rufe masa ido, kuma wautarsa ke nan, ba zan ɓoye masa ba.

Ranar kasuwa ce, rana ta take tsaka. Bai ko leƙa ya gaida Mala ba, wai kada ya gan shi ya fara motse-motsensa. Ya kafa ƙarfensa daga nesa, ya auna bakin maƙerar, ya saita kyamarar ta riƙa ɗaukar uku-uku tana maimaitawa har sai an tsayar da ita. Ya danna, ya ja da baya da sauri yadda ya saba. Baƙin abu a tsakiyar kasuwa, da jar fitila tana ƙiftawa, yana ƙara tit-tit-tit, mai shi kuma yana ja da baya.

Wani ya ƙwala ihu: "Bam! Ga shi can, shi ya dasa!"

Kasuwa ta kece. Tire ya kife, manja ya malale, mata suna salati suna tattake juna. Kafin Abdulrahim ya buɗe baki, gora ta sauka a kafaɗarsa har ya ji ƙashi ya amsa. Ya ɗaga hannu yana cewa, "Hoto ne, wallahi hoto ne!" Wa ke jin sa? A ƙauyen nan mutum ɗaya ne zai ce "na san shi" a saurara, don haka ya ruga maƙera yana kiran sunan Mala.

Taku biyar ya rage aka rafke shi a ƙeya da itacen girki. Ya faɗi rubda ciki. Suka rufar masa da duka, masu sanda da masu dutse, har da wani dattijo mai farin gemu da ke kai masa ƙafa a haƙarƙari. Haƙoransa biyu suka zube a ƙasa. Wani saurayi ya ɗauko dutsen murhu ya sauke masa a fuska, ya ji idonsa na dama ya fashe, wani ruwa mai ɗumi ya gangaro masa kunci. Yana jin ana cewa a kawo taya, a kawo fetur. Da ragowar numfashinsa yana ta maimaita, "Ya Mala, ka faɗa musu." Ya kalli bakin maƙerar, bai ga komai ba sai duhu.

Wata tsohuwa mai daddawa ce ta cece shi, daga baya ya ji sunanta Hansatu. Ba ta san shi ba, ba ta san ubansa ba. Ta kutsa cikin maza ta kwanta a kansa, sanda biyu suka sauka a bayanta.

"Ku ƙone mu tare, 'yan banza! Ɗan wani ne! Wanda ya dasa bam zai tsaya yana kiran sunan mutum?"

Tana nan a kansa tana zaginsu har jami'an tsaro suka iso. Kyamarar kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin matsawa kusa da ita, ta yi ta aikinta har batir ya ƙare.

Wata ɗaya ya yi a gadon asibiti. Mala ya zo dubiya da kaza da ledar lemo, ya zauna yana share ƙwalla.

"Abdu, na zaga alwala ne. Wallahi da ina nan, da ba mai taɓa ka sai ya bi ta kaina."

Abdulrahim ya yarda, har ya ji daɗi a ransa. Ya ce ba komai, ƙaddara ce.

Sai bayan wata uku aka mayar masa da kayansa. Ya daɗe yana juya katin da kyamarar ke ajiye hotuna a hannu kafin ya sa a kwamfuta, ya zaɓi uku daga tsakiya, ya haɗa su yadda ya saba. Masu dukansa duk suka fito fatalwa, hannuwa da sanduna sun narke cikin juna, ba fuskar da za a gane. Shi kansa wani dunƙule ne a ƙasa. Hansatu ma, da ya so ya ga fuskarta ya yi mata godiya, ba abin da ya fito nata sai shuɗin zane. Amma dabarar ta yi aikinta, ta buɗe duhun maƙera. Ga garwashi ja, ga uwar maƙera, ga mutum a tsaye bayan ginshiƙi da guduma a hannu, fuskarsa tar, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa. Ya haɗa na gaba, ya haɗa na bayansa, har goma sha ɗaya. Mala yana nan inda yake.

Abdulrahim ya yi kuka da ido ɗaya. Ya ce zafin dutsen murhu bai kai wannan ba.

Bai kai ƙara ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Ya wanke hoton babba, ya jira ranar kasuwa, ya sake shiga motar 'yan kasuwa. Mala na ganinsa ya taso da fara'a yana lale marhabin. Abdulrahim ya yi sallama, ya miƙa masa hoton, ya jira har maƙerin ya gane kansa a ciki.

"Shekara shida ina roƙonka ka tsaya min numfashi uku, Ya Mala," in ji shi. "Ashe ka iya."