Komfutar da Muka Je Gani a Kwarbai

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da abokin aikina, dukkanmu malaman bayoloji. Mun ji cewa an bai wa wata sakandare a Birnin Zazzau komfuta mai wasa a ciki: yaro zai zama farar ƙwayar jini, ya bi jijiya yana farautar ƙwayoyin cuta. Ɗalibaina saura wata biyu su zauna jarrabawa, kuma ba su taɓa ganin ƙwayar jini ba sai wadda nake zanawa a allo. Niyyarmu mu roƙi izinin kawo su.

Ana wahalar mai, kuɗin mota ya ninka, direba ya cusa mu kamar buhunan masara. A Giwa muka karya da waina, wadda ita ma ta rame. Muka shiga birni ta Ƙofar Doka, acaɓa ya ratsa da mu lungunan Kwarbai, gwiwata na gogar katanga.

Malamin bayolojin makarantar, dattijo mai furfura, shi ya kai mu ofishin firinsifal. Ga komfuta nan lulluɓe da mayafin tebur, an ɗora mata furen roba.

"Ba a taɓa ta sai Kwamishina ya zo ya buɗe," in ji firinsifal.

"Ranka ya daɗe, daga Funtuwa muke," na ce.

Da ƙyar ya yarda a kunna. Sai ga jijiya ja wur, jini na gudu, zuciya na bugawa. Na kama ƙwayoyin cuta biyu, ta uku ta tsere mini. Da na ɗaga kai, taga ta cika da fuskokin ɗalibai. Firinsifal ya daka musu tsawa, ya zare waya daga bango.

Na kawo maganar ɗalibaina. Ya ce, "Namu ma ba su taɓa ba, Malam."

Dattijon ya raka mu bakin ƙofa. "Wata bakwai tana nan," ya ce a hankali. "Yau na fara ganin ta a kunne. Albarkacinku na ci."

Kafin la'asar muna gida. Da muka bar Funtuwa da asuba, ina ganin talauci ne kawai ya hana yaranmu sani. Zazzau ta ƙwace mini wannan uzurin. Kayan sun zo, wuta akwai, malami akwai, yara na bakin taga. Mutum ɗaya ake jira, kuma ba shi zai zauna jarrabawa ba.