Ummuhani, Wadda Ta Raba Ni da Kaskon Hayaƙi

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu a Titin Koudoukou, Ummuhani ta buɗe ɗan asibitin nan na bayan unguwar Yakité. Ta share, ta tafasa ruwa, ta zauna da agogo a hannu tana ƙirga numfashin masu tari. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma har yau ban ji wanda ya ce mu taru mu yi mata sannu ba. Halinmu ke nan a yankinmu na Kilomita Biyar!

Ni Badaru ban yi boko ba, amma fatauci ya nuna mini mutane. Na san ma'aikaci, na san mai jiran albashi.

Damunar bara matata Hafsat ta kwanta: zazzaɓi, tari, haƙarƙari na suka. Na yi abin da muka gada. Na rufe taga, na zuba saiwoyi a kaskon garwashi, na lulluɓe ta da bargo ta sha hayaƙi. Kwana biyu sai haki, ko sunana ba ta iya ƙarasawa. Maƙwabciya ta ruga ta kira Ummuhani. Tana shigowa ta yaye bargon, ta yi waje da kaskon.

Ta ce, "Yaya Badaru, jinya kake yi ko bandar kifi?"

Na ce, "Ciwon nake kora."

"Ita kake kora, zuwa lahira!"

Tana ƙirga numfashin Hafsat tana yi mini faɗa. Ta ce jiki yana da masu gadin da aka haife mu da su. Ƙwayar cuta na shiga huhu, ba sa tambayar suna, sai su yi kururuwa su auka. Zafin nan da kumburin, nasu ne. In suka wuce gona da iri, ruwa ya tsattsafo ya cika wurin iska. Hayaƙi kuwa ƙara zuga su yake yi.

"Kai da ka ga rikici a unguwar nan, sai an faɗa maka yadda mai gadi ke ƙona kasuwar da yake tsaro?"

Da kanta ta riƙe Hafsat a kan moto, wato babur, har babban asibiti, aka sa mata iska, aka ba ta maganin ƙwayar. Kwana tara muka dawo gida.

Ke ce, Ummuhani, mai faɗa da ceto a baki ɗaya. Ɗakuna nawa kika buɗe wa taga a unguwannin Miskine da Yakité? Amma jiya jiyan nan na ji ƙaurin saiwa daga gidan Alhaji Sulaimanu, jikarsa na tari. Haba jama'a! Sai yaushe?

Singila mingi, na gode ƙwarai, ƙanwata, Allah ya saka. Ku kuwa da ta bari a asibitin, ku koyi ƙirgar nan, ku koyi faɗan nan. Kaskona yana tsakar gida, kaji ke shan ruwa a ciki. Hafsat ce ke zuba musu.