Matashin Kai Mai Fuskar Sanata

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Jidda, wasu sai an tuna mini nake tunawa. Amma zaɓen sanatan yankinmu na wata shekara, wannan kam ko na tsufa na zubar da haƙora ba zai fita daga raina ba. Abin takaicin ma, ko ƙuri'a ɗaya ba mu jefa ba, tunda wanda ke ƙasar waje ba ya zaɓe. Duk da haka zaɓen ya biyo mu har cikin ɗaki.

A unguwar Hindawiyya muke zaune lokacin, ni da maigidana, a saman wani tsohon gida. Ni da umara na shigo na zauna, ina toya waina ina tuƙa tuwo 'yan gida suna zuwa saye. Shi kuwa da iƙama ya zo, takardar zama ke nan, amma suka ɓata da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, takardar ta mutu a hannunsa. Sai ya koma ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu. Mai irin wannan zama dokarsa ɗaya ce, kada a san da shi. Ka fita kanka a ƙasa, ka dawo kanka a ƙasa, in ka hango motar 'yan sanda ka shige lungu kamar da ma can za ka.

Maigidana mutum ne mai haƙuri, ba ruwansa da rigima, amma yana da cuta guda, tarihin kujerar sanatanmu. Mazaɓar tamu kashi uku ce: mutanen birni, mutanen tudu, sai mu na tsallaken kogi. Tun da aka dawo mulkin farar hula kujerar ke yawo tsakanin birni da tudu. Na farko ɗan kwangila ne daga birni, ya yi zango biyu. Na biyu ɗan tudu ne, Allah ya yi masa rasuwa a kan kujera, aka yi zaɓen cike gurbi aka bai wa ƙanensa. Shi kuma kotu ta cire shi ta mayar wa birni. Mu dai namu layi ne da dangwale, kuma kowannensu sai ya yi mana alkawarin gada. Na haddace duk wannan ba don ina so ba, sai don kullum da shi ake cin tuwo a gidanmu. Nakan ce masa, Alhaji, da haka ka riƙe Ishiriniya da yanzu kai ke jan baki a maulidi.

To a wannan shekarar sai wani ɗan tsallaken kogi ya samu takara. Maigidana har ƙwalla ya yi. Ana saura 'yan makonni zaɓe ɗan takarar ya zo umara, yaransa suka aiko cewa yana son gaisawa da 'yan yankinsa mazauna Jidda. Aka kama wani gidan hutu a bayan gari, irin wanda ake haya don biki. Ni da farko na ƙi, na ce ƙasar nan ba a taron siyasa, kowa ya sani. Maigidana ya ce gaisuwa ce kawai da addu'a, kuma ɗan uwanka ya zo garin da kake ai ba ka ƙi zuwa ba.

Muka je. Aka ci shinkafa da rago, aka yi addu'a. Can sai aka shigo da buhuna, aka fara rabon huluna da atamfa masu hoton ɗan takarar. Ban ɓoye muku ba, turmi uku na karɓa, don atamfar mai kyau ce. Daga nan wani ya ce a samu dattijo ya yi jawabi. Kafin in kama gefen rigarsa maigidana ya miƙe, hula a ka, ya fara daga ɗan kwangila ya gangaro har kotu. Ya yi magana mai daɗi, har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Na ga wayoyi a sama, amma na ɗauka don tarihi ne.

Ba a rufa mako ba bidiyon ya cika wayoyin mutane, da rubutu a kai cewa mutanen Jidda sun yi mubaya'a. Maigidana na ta murna, 'yan uwa na kira daga gida suna cewa ya wanke su. Murnar ba ta daɗe ba. Magoya bayan abokin hamayya suka ɗauki bidiyon, suka sa masa fassarar Larabci, suka zagaye fuskar maigidana da jan layi, suna kira ga hukumomin Saudiyya su zo su ga masu kamfe a ƙasarsu. Wata mai sayen waina ce ta nuna mini. Ina riƙe da ludayi, ban san lokacin da ya faɗa cikin ƙullu ba.

Daga ranar tsoro ya tare a gidanmu. Maigidana ya aske gemun da ya shekara goma yana tattali, ya koma kamar wani baƙo. Ya cire layin wayarsa. Na daina toya waina, don kada a ga mutane na hawa da sauka. Duk motar da ta tsaya a lungunmu sai na leƙa ta tsagar labule, duk takun da na ji a matakala sai na ƙirga hawa nawa ya rage. Muka yi ta kiran yaran ɗan takarar a cire bidiyon. Da farko suka ce za a duba, daga baya suka daina ɗauka. Su tuni sun hau jirgi sun koma.

Sai matsalar kayan. Ga atamfa turmi uku da huluna, kowanne da fuskar mutumin yana murmushi. In na zuba a shara, masu kwasa za su gani, ga kyamarori a bakin kantuna. In na ƙona, hayaƙi zai tara mini jama'a. Kyauta kuwa, wa zai karɓi wuta da hannunsa? Na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki almakashi na zauna ina yayyanka su ƙanana, ido daban, baki daban. Na farke matasan kanmu na zare audugar, na cusa yankakkun na fara ɗinkewa.

Ina kan ɗinkin na ƙarshe, bayan azahar, aka buga ƙofa. Ba irin bugun masu sayen abinci ba ne, bugu ne na mai iko. Maigidana yana kwance, ya tashi zaune muka kalli juna. Na lallaɓa na sa ido a ramin makulli, abin da na fara gani kaki ne da baƙin bel. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har na kasa kawo ko addu'a ɗaya cikakkiya. Na yi wa maigidana nuni da banɗaki, ya girgiza kai, don ya san ba wurin ɓuya a ɗaki ɗaya. Shi ya zo ya buɗe da kansa.

Ashe mai gidan da muke haya ce, da babban ɗanta mai gadi a wani kanti, ya rako ta da kakin aikinsa a jiki. Tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna, Hausarta rabi Larabci. Ta shigo tana haki, ta zauna a kan tabarma, ta jawo matashin da allurata ke maƙale a jiki ta jingina. Ta nuna mana bidiyon a wayar ɗanta, ta ce mai unguwa ya tambaye ta ko ta san mutumin nan. Ta ce masa ba ta gani sosai yanzu, shi ne ya ƙyale ta.

"Ya binti, 'yata, faɗa mini gaskiya. Akwai kayan wannan rajul ɗin, ɗan takarar nan, a gidana?"

Idona ya sauka a kan matashin. Ta bi idona, ta sa hannu ta latsa, ta ji taurin bakin hula. Sai ta zare allurar ta miƙo mini.

"Ƙarasa ɗinkinki. Kai kuma Alhaji, halas, shi ke nan, ba za ka ƙara kwana a nan ba sai ƙura ta lafa. In an same ka a gidana, har ni za a tafi da ni."

Ba mu ga laifinta ba. A yammacin ya ɗauki buta da riga biyu ya koma siton da yake aiki, yana kwana a bayan kwalaye. Wani abokin aikinsa ne ke kawo mini labari yana kai masa abinci. Na roƙe shi da girman Allah kada ya leƙo waje. Ni kuma na zauna ni kaɗai ina kwana a kan fuskar ɗan takara, kuma wallahi matashin ba daɗi, duk ƙulli.

Aka yi zaɓe, sakamako ya yi jinkiri. Ni ban damu da wanda zai ci ba, amma na san mijina, na san abin na cin sa. Ba waya a hannunsa, abokin nasa kuma an tura shi kai kaya wani wuri. Da hantsi ya kasa daurewa, ya fito bakin titi zuwa wani shagon shayi da 'yan gida ke zama, don kawai ya tambaya. Bai kai shagon ba motar sintiri ta tsaya a gabansa aka ce ya kawo iƙama. Har yau ban sani ba ko bidiyon ne ya jawo, ko kuwa rana ce kawai ta ɓaci. Abin da na sani, da ba don wannan kujera ba da bai fito ba.

Kwanaki na yi ban san inda yake ba. Na rame, na daina buɗe labule. Rannan wata baƙuwar lamba ta kira, na ɗauka. Shi ne, daga gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, ya ari wayar wani. Muryarsa ta dishe. Na fashe da kuka ina tambayar ko ya ci abinci, ko an taɓa shi, ya ce lafiyarsa lau. Sai ya rage murya.

"Hajiya, wa ya ci?"

Na so in kashe wayar don haushi. Na ce namu ne ya ci. Na ji yana hamdala, yana faɗa wa na kusa da shi cewa kujera ta tsallaka kogi.

Haka aka mayar da shi gida da rigar jikinsa, ni ma daga baya na kai kaina aka sa ni a jirgi. Kaya kaɗan na ɗauko, amma na taho da matashi guda. Maigidana ya je gidan sanatan ya fi a ƙirga, masu gadi ba su gane shi ba tunda babu gemu, ko da ya nuna musu kansa a bidiyon sai suka yi dariya. Bayan zango ɗaya kujerar ta koma birni, kuma har gobe da kwalekwale muke tsallakawa. Maigidana ya ƙara wannan a cikin tarihinsa, sai dai in ya iso wurin yakan yi sauri ya wuce.

Abin da na koya shi ne, kada ka ari fuskarka ga mutumin da tikitin komawarsa ke aljihu alhali kai ko takardar zama ba ka da ita. Shi zai tashi sama, kai za a bari da jan layi a goshi. Matashin yana nan a ɗakina, kuma duk lokacin da zaɓe ya matso na ga maigidana ya fara gyara murya, sai in ɗauko in ajiye masa a kan cinya.